Sawun Ƙwallo a Jar Ƙasa

Lahadi, ƙarfe goma da rabi na safe

Yau aka fara gasar tanis ta Paris. Kwanana arba'in da takwas a takaba, saura tamanin da biyu.

Da na kunna talabijin, Gwaggo Aina'u ta dube ni kamar na cinna wa rumbu wuta. Ƙanwar Baba ce, ita dangi suka ajiye ta zauna da ni har in fita. Ta ce mai takaba ba ta kallon wasa. Na ce ta nuna min inda aka rubuta. Ta ce a kanta aka rubuta, tun ban zo duniya ba. Na kashe murya, na bar hoto. A haka muka daidaita.

Cikin manyan gasannin nan huɗu, wannan kaɗai nake girmamawa. A kan ciyawa ƙwallo silalewa take yi. A kan siminti, duk mai ƙarfin kafaɗa sai ya buga sabis biyu, wato bugun buɗe wasa, ya tafi gida da kofi. A jar ƙasa kuwa ƙwallo tana rage gudu ta jira ka, mai haƙuri da tunani shi ke ci. Sannan ba ta sauka ta tashi haka kawai. Sai ta bar sawu.

A irin wannan ƙasar na koya, shekara talatin da suka wuce, bayan ɗakin kwananmu a kwalejin horon malamai. Wata malama 'yar Ghana ce ta damƙa min raket, abin buga ƙwallon. Da toka muke ja wa filin layi.

Lahadi, bayan la'asar

Sauda maƙwabciyata ta shigo da ƙullin rama, ta zauna a bakin ƙofa tana ta kame-kame. Daga baya ta ce ta bi ta gonata neman itace, ta ga gamban iyaka ya tashi daga inda ta san shi.

Gonar gadona ce daga Baba. Ta Yaya Dallatu tana manne da ita ta gabas, layin gamba ne ya raba mu tun ranar rabon gado. Sauda ta ce yanzu layin ya matso cikin tawa da kunya tara, ta ƙirga da ƙafarta. An yi huɗa a kan tsohon wurin bayan ɗan ruwan da aka yi wancan makon. Ɗorawar da ke cikin gonata ta koma ɓangarensa.

Gamba ba shi da ƙafa.

Na ce mata na gode da ramar.

Litinin, azahar

Ba na rubuta sunayen 'yan wasa, nawa nake raɗa musu. Tawa ita ce Bahaguwa. Shekararta talatin da huɗu, gwiwarta ta dama a naɗe, tana da 'ya ɗaya. Masu sharhi shekara uku ke nan suna yi mata bankwana, ita kuma ba ta tafi ba. Yau ta fitar da wata yarinya mai dogon hannu a turmi biyu. Turmi nake ce wa kowane kashi na wasan, irin na 'yan dambe. Yarinyar ta fi ta ƙarfi, ta fi ta gudu, amma kowace ƙwallo sai ta doke ta kamar ta zagi uwarta. Bahaguwa ta riƙa ɗaga mata ƙwallo sama, tana sako mata wata a gindin raga, har yarinyar ta fara faɗa da raket ɗinta.

Abin da ke damuna da yaran yanzu ke nan. An koya musu bugu, ba a koya musu jira ba. Ga nishi. Mace ta buga ƙwallon da ba ta kai lemun tsami biyu nauyi ba, ta yi ƙara kamar mai naƙuda.

Gwaggo ta ba talabijin baya tana jan carbi, amma ta tambaye ni me ya sa daga sha biyar sai talatin, daga talatin sai arba'in. Ta ce ko mai tallan gyaɗa ta fi su iya ƙirge. Ta ce kuma iyayen yaran nan ba su da kuɗin zane ne? Na ce Gwaggo, ai kin ce ba kya kallo. Ta ce madubin kabad ne ya nuna mata.

Ba hadari.

Talata, hantsi

Yaya Dallatu ya zo gaisuwa da ledar lemo. Ya tsaya a tsakar gida, ni ina daga ɗaki, labule a tsakaninmu. Ya yi addu'a mai tsawo, ya iya addu'a. Da ya shafa na tambaye shi gamba.

Bai ko yi tari ba. Ya ce iyaka tana inda Baba ya bar ta. Ya ce mijina, marigayi Malam, ne ya riƙa cin kunya ɗaya ɗaya duk shekara, shi kuma ya yi shiru saboda zumunci, yanzu kawai ya gyara. Ya ce in an gama shuka zai kawo masu awo da na'ura daga birni, a yi takarda, kowa ya huta.

«Ke dai ki ji da ibadarki, Sa'adiya,» in ji shi. «Maganar gona ba ta mai takaba ba ce.»

Shekara ashirin da shida Malam yana noma min gonar nan. Mutumin da in almajirinsa ya tsinci biro a hanya sai ya sa an yi cigiya. Yaya bai taɓa faɗar wannan magana ba sai da ya tabbata babu mai amsa masa.

Na'ura tana auna abin da aka nuna mata ne. In ka nuna mata ƙarya, za ta auna maka ita daidai, har da ɗigo.

Lemon na ba Sauda.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Bahaguwa ta wuce zagaye na biyu. Ban ci abinci ba. Ba hadari.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ga abin da ya sa nake son Paris. Yau a wasan maza aka yi gardama kan wata ƙwallo. Mai tsaron layi ya ce ta fita, ɗan wasa ya ce ta taɓa layi. Alƙaliyar wasa ta sauko daga doguwar kujerarta, ta taka har wurin, ta sunkuya, ta zagaye sawun da yatsa, ta ce ta shiga. Shi ke nan. Mace ce ma, gajeriya, tsakanin ƙarti biyu.

Wasu gasannin sun sallami mutane, sun bar wa na'ura ta yi kira. Masu sharhi suna cewa ya fi, wai ido yana kuskure. Yana yi. Amma ni na fi yarda da alƙalin da zai ɓata takalminsa ya zo ya duba, ya kuma tsaya a gaban wanda ya yanke wa hukunci.

Na rubuta wa Mai unguwa Usaini takarda, Sauda ta kai. Amsar baki ya aiko. Wai zai je gonar Asabar ta sama bayan azahar, amma sai mai gona ta tsaya da kanta ko ta tura wakili namiji. In babu kowa, abin da ya gani a ƙasa shi zai tabbatar. Ya ƙara da cewa Alhaji Dallatu babba ne, a bi a hankali.

Wakilina guda ɗaya ne tun da na yi aure.

Asabar ta sama bayan azahar ita ce ranar wasan ƙarshe na mata, ƙarfe biyu agogonmu. Na lura da wannan kafin in lura da sauran. Allah ya shirye ni.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ana ruwa a Paris. An ja tamfol an rufe ƙananan filaye, mutane sun buɗe lema suna ɓata rai. Na zauna ina kallon ruwan wasu yana zuba a banza. Gwaggo ta juyo gaba ɗaya wannan karon, ta ce Allah mai iko, su ba gero ba, ba dawa ba.

A nan an yi roƙon ruwa a masallaci. Waɗanda suka yi saurin shuka da ruwan farko, ta ƙone.

Sauda ta kawo labarin da ya sa na yi dariya, karo na farko cikin kwana hamsin da uku, har Gwaggo ta ce in rufe baki. Wai kullum da sassafe 'yan ƙwadagon Yaya suna ɗebo ruwa a jarkoki daga kanal ɗin Watari, a amalanke, suna ba sabon layin gamba. Duk gamban da ke ƙasar Bagwai ya bushe ya yi fari yana jiran damina, na Yaya kaɗai ne kore shar kamar albasar fadama.

Wa ya taɓa ba gamba ruwa? Sai wanda ya dasa shi jiya.

Na faɗa wa Sauda wannan ai shaida ce. Ta ce ta faɗa wa matar Mai unguwa, an ce mata mutum yana da ikon ya shayar da ciyawarsa.

Asabar, la'asar

'Yata Muhsina ta kira daga Gezawa. Ita kaɗai Allah ya bar mana. Na ce ko mijinta zai tsaya min. Ta ce ya ce ba zai shiga tsakanin wa da ƙanwa ba, shi suruki ne. Ban ga laifinsa sosai ba. Kaɗan na gani.

Ta ce Umma, ki bar masa kunya taran nan mana, me za su ƙara miki. Na ce buhu ɗaya da rabi na gero. Ta ce ba gero take nufi ba, kuma na sani. Na ce ana wasa, zan kira ta.

Bahaguwa ta sha wuya yau, turmi uku, awa biyu da minti arba'in. A turmi na biyu ta yi ta jefa ƙwallo a raga kamar da gangan. In ta fara haka nakan tsane ta. Tana da wata ɗabi'a, in abu ya ɓaci sai ta tsaya tana gyara igiyoyin raket da yatsa, ta ƙi kallon filin. Ina ce mata ɗago kai, filin yana nan ko kin kalla ko ba ki kalla ba.

Ta dai ci.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ina neman batirin rimot a kabad na ci karo da littafin. Irin na 'yan makaranta ne mai bango shuɗi. Malam bai taɓa son tanis ba, yana cewa wasan mutum biyu ne da suka rasa abin yi da rana. Amma shi ya sa aka kafa dish, shi ya ƙara batirin sola. In ina makaranta ana wasa, sai ya zauna ya rubuta min maki da ajami, turmi bayan turmi, ya ajiye min a kan filo. Shekara bakwai a ciki. A gefen wani shafi ya rubuta: taki ta ci, amma ta yi fushi da yawa.

Na mayar da shi inda yake.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Akwai wani da nake kira Ɗan Gata. Gashi a gyare, agogo mai tsada, kullum yana yi wa masu horar da shi tsawa kamar su suka buga ƙwallon waje. Yau abokin karawarsa ya buga wata ta sauka a gefen layi, aka ce ta fita. Abokin ya nemi a duba. Alƙali yana saukowa, Ɗan Gata ya kai ƙafa ya shafe sawun, ya ɗaga hannu wai bai sani ba. Alƙali bai ko ƙarasa ba. Ya juya ya hau kujerarsa, ya ba abokin maki.

Doka ce. Wanda ya goge sawu kafin alƙali ya iso, ya amsa cewa ba shi da gaskiya.

Na yi wa Gwaggo bayani. Ta ce ai ko a gidan nan, yaron da ya riga kowa goge baki shi ya sha nonon. Yanzu tabarmarta tana fuskantar talabijin. Wai hasken taga ne ke damun idonta.

An fitar da Ɗan Gata. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar gero.

Litinin, azahar

Bahaguwa ta shiga cikin takwas na ƙarshe.

Muhsina ta sake kira. Ta ce ta tambayi malaminsu na Islamiyya, ya ce mai takaba tana iya fita da rana in da larura, kwana ne dai sai a ɗakinta. Na ce na sani. Ni na koyar da babin nan shekara goma sha ɗaya a aji biyar. Kwalli, turare, lalle, ado, kwana a wani gida, waɗannan aka hana. Riƙe 'yar wuƙa, da tafiya kamar mai ciwon baya, da magana ƙasa-ƙasa, duk na su Gwaggo ne.

Ta ce to me ya hana ki zuwa?

Na ce rana ta yi zafi.

Ta ce Umma.

Na ce batir zai mutu.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ruwa.

Tun azahar gabas ta haɗe. Ana tsakiyar wasan Bahaguwa, turmi na uku, huɗu da huɗu, iska ta taso, hoto ya daddare ya ɗauke. Sai ƙamshin ƙasa. Aka yi awa ɗaya da rabi ana zubawa, indararo ya cika baho uku, tsakar gida ta zama tafki. Yara suna ta ihu a lungu. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana hamdala, sannan ta juyo ta ce, to yanzu ya za mu san abin da Bahaguwa ta yi?

Mu.

Da hoto ya dawo har an share fili. A rubutun ƙasa na ga ta ci.

Malam ne yake fara fita in an yi ruwan shuka. Ya tona da yatsa ya ga inda laima ta kai, ya dawo da laka a gwiwa ya ce min kamu ɗaya, ko kamu da rabi. Yau ba wanda ya faɗa min.

Laraba, hantsi

Kowa ya tafi shuka. Unguwa shiru, sai kaji. Irina yana rumbu.

Alhamis, bayan la'asar

Wasan kusa da na ƙarshe. Ta kara da Doguwa, wadda sabis ɗinta kamar a jefo tabarya. Kowa ya ba Doguwa. Amma ƙasar ta sha laima, ƙwallo ta yi nauyi, ƙarfi ya rage amfani. Bahaguwa ta ja da baya har kusan bango, ta riƙa mayar da komai. Bugu ashirin, bugu talatin a kan maki ɗaya. Ba kyau a ido. Na san masu sharhi za su ce wasan tsofaffi ne. Doguwa ta gaji da ganin ƙwallonta tana dawowa, ta fara neman layi da ƙarfi, ta fara zubarwa. Shida da huɗu, bakwai da biyar.

Mutane suna son a ci da bugu mai ƙara. Yawancin wasa kuwa wanda ya ƙi barin fili ne ke cinye shi.

Ana gamawa Sauda ta shigo ba sallama, zanenta duk laka. Ta ce Malama, ya tofo. Na ce me? Ta ce tsohon gamban. 'Yan ƙwadagon saran sama suka yi masa, suka ɗebi rabin gindi suka dasa, saiwar tana ƙasa. Garma ta bi ta kai ta rufe. Yanzu ruwa ya taɓa ta. Ta ce tsinke-tsinke ne kore, bai fi tsawon yatsa ba, a jere tun daga hanya har bayan ɗorawa, a miƙe kamar an ja da igiya.

Na ce Yaya ya gani? Ta ce Alhaji daga kan babur yake duba gona, kuma nasa layin kawai yake kallo.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

An ce Yaya ya kama shanun huɗa na ranar Lahadi, zai sake bin wurin kafin ya shuka. In garma ta sake wucewa, sai wani ruwan, kuma kafin nan akwai takarda.

Sauda ta ce ita za ta nuna wa Mai unguwa. Na ce ba zai saurare ta ba, ya riga ya faɗi sharaɗinsa.

Daga ƙofar gidan nan zuwa gonar minti ashirin ne. Na san kowace kwana ta hanyar. Rabona da ita kwana sittin. Ranar ma ban ƙarasa ba, a hanya na gamu da su sun ɗauko Malam a amalanken taki.

Ba zan rubuta wannan ba.

Juma'a, la'asar

Wasan maza. Awa huɗu suna dukan ƙwallo. Ban san wa ya ci ba.

Gwaggo ta ce tun ɗazu nake gyara zaren bakin mayafina, in bari kar in tsefe shi.

Asabar, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

An nuna su suna ɗumama jiki. Bahaguwa ta sake naɗin gwiwa.

Na sa hijabi. Gwaggo ta dube ni tun daga sama har ƙasa, na shirya jin wa'azi. Sai ta laluba ƙarƙashin tabarma ta miƙo min 'yar wuƙar. Ta ce in dai za a fita, a fita da ita, kuma kar in ɗaga murya. Na karɓa. Na nuna mata inda ake ƙara sauti a rimot.

Asabar, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Ni da Sauda muka tafi. Mutane suna shuka a gonakinsu, duk wanda muka wuce sai ya miƙe ya bi ni da ido. Wata ta ce la'ilaha, ba Malama ba ce? Ban tsaya ba, ban kuma yi tafiyar mai ciwon baya ba.

Mun tarar da Yaya da mutum huɗu a kan sabon layi, yana nuna musu da sanda. Mai unguwa yana zaune a kan babur ɗinsa a bakin hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa. Da alama a nan ya yi niyyar yanke hukunci. Duk suka juyo suna kallona. Yaya ya ce subhanallahi, Sa'adiya, a cikin takaba? Na gaishe shi yadda ake gaida wa. Na gaida Mai unguwa.

Na ce, «Ranka ya daɗe, ga mai gona ta zo. Ina roƙon ka sauko ka taka.»

Ya dubi takalminsa, ya dubi lakar. Ya sauko.

Na wuce gaba. Dole sai ta gindin ɗorawar ake bi. Ban ɗaga kai ba. Mangalar takin da Malam ya kai ranar tana nan a jingine da saiwa, ruwa ya cinye gefenta. Tulin takin da bai gama bazawa ba ya tsiro da ciyawa. Na tsaya. Ban san tsawon tsayuwar ba. Sauda ta taɓa min gwiwar hannu, na wuce.

Tofon yana nan yadda ta faɗa, ya ma ƙara tsawo. Layi guda, kore, ya ratsa kunyoyin Yaya ta ƙarƙashi, daga hanya har ƙarshen gona, ɗorawa tana yamma da shi da taku huɗu. Na tsuguna na zagaye guda da bakin wuƙar Gwaggo.

Yaya ya riga Mai unguwa isowa. Na ga lokacin da ya gane. Ya dubi layin har ƙarshe, ya dawo da ido, sai ya ɗora takalmi a kan wanda ke gabansa ya murza, yana ta magana a kan wani abu daban, wai ciyawa ta yi yawa bana. Ya matsa ya taka na biyu.

Mai unguwa yana bayansa da taku uku.

«Alhaji,» in ji shi, «ɗaga ƙafarka.»

Ya sa aka kawo fartanya. Aka tona wuri uku, kowanne aka tarar da tsohon gindi, baƙi, mai kauri kamar kan mutum, da sawun sara a jikinsa. Aka je sabon layi, wani dattijo ya kama guda da hannu ɗaya ya ja, ya taso da ƙasarsa kamar dashen tumatir.

Yaya ya ce kuskuren 'yan ƙwadago ne, shi bai san sun yi haka ba.

Na yi alkawari ba zan ɗaga murya ba, ban kuwa ɗaga ba. Na ce, «Yaya, kuskuren ne kake aika wa ruwan Watari kullum da safe?»

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Mai unguwa ya ce iyaka tana inda saiwa take, a mayar da gamba kafin Litinin, shanun gobe su tsaya a gabas da tofo. Ya ce a yi fatiha. Aka yi. Yaya ya shafa, ya hau babur, bai dube ni ba. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara kai ni makaranta a kan kekensa. Ban san ranar da zai sake taka gidan nan ba, ban kuma san ko ina so ba.

Na dawo na tarar da Gwaggo a gaban talabijin, sauti har lungu, gabanta tsibi biyu na gyaɗa. Ta ce ba ta iya rubutu ba, don haka duk wadda aka tafa wa sai ta ajiye mata ƙwaya. Tsibin hagu ya fi ƙanƙanta.

Ta ce Bahaguwa ta faɗi. Gwiwar ce ta ƙi a turmi na uku. Ta ce amma ba ta fita ba, da ɗingishi ta ƙarasa, aka ba ta faranti, yarinyar da suka kara aka ba ta kofi. Ta ce ita a ganinta farantin ma ya fi amfani.

Ta karɓi wuƙarta, ta ga laka a baki, ta goge da gefen zane. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce akwai tuwo.

Na ci.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Kwana sittin da biyu. Saura sittin da takwas.

Na ciro littafi mai bango shuɗi. A ƙarƙashin layinsa na ƙarshe na rubuta sakamakon jiya da hannuna, da ajami, yadda yake yi. Rubutuna bai kai nasa kyau ba. A gefe na sa: tawa ta faɗi, ba ta bar fili ba.

Yau maza za su yi nasu wasan ƙarshen. Gwaggo ta riga ta ɓare gyaɗa.

Na sa an buɗe rumbu an auno iri. Sauda da 'yan'uwanta za su shuka min kunya taran nan da safen nan, tun ƙasa da laima. Zan bi su. Akwai takin da Malam ya bari a gindin ɗorawa, inda ya faɗi. Ni zan ƙarasa baza shi.